Na Je Abuja Neman Muryar Inna

A zamanin da na bar gida neman abinci, duk wanda ke son gaisawa da ɗansa da ke ƙasar waje, in bai iya rubutu ba, kaset yake yi masa. Za a aro rediyo mai kaset a gidan da ke da ita, a sayo batir, a kore kaji daga tsakar gida, tsohuwa ta zauna a kan tabarma ta yi ta magana da akwati kamar ɗan nata ne zaune a gabanta. Daga nan sai a jira mai tafiya aikin Hajji ko wani ɗan kasuwa ya tafi da shi. Saƙo yakan yi wata biyu ko uku a hanya. Yau jikata ta Kaduna takan turo min murya a waya, kafin in gyara zaman tabarau ta iso, kafin mako ya zagayo kuma ta goge, ni ma na goge.

Kaset goma sha ɗaya mahaifiyata ta aiko min daga Kwandere, a shekarun da na yi ina gyaran injinan gini a Jidda, da Khartum, daga baya kuma Duwala. Da Gwandara take magana, irin ta tsofaffin da, tana sirkawa da Hausa in ta zo kan ciniki ko faɗa. Mahaifina bai taɓa sa baki ba. Cewa yake yi shi ba ya magana da akwati, in ina son jin muryarsa in dawo gida. Wannan magana ta daɗe tana ci min rai, ban taɓa gaya wa kowa ba. Dukansu biyu sun rasu, Allah ya jiƙansu da rahama.

Bara 'yata ta biyu, wadda ke aikin jinya a nan Lafia, ta kai kaset-kaset ɗin aka kwafe su zuwa filashi tun kafin zaren ya lalace. Burinta in zauna in saurara, in rubuta abin da kakarta ta faɗa, in fassara wa jikoki, domin a gidanmu ni kaɗai na rage mai jin wannan tsohuwar Gwandara. Na kuwa zauna. Na sa a waya, na sa a talabijin, har na aro ƙatuwar sifikar masu biki, irin mai taya da ake ja. Muryar tana nan, na san ta Inna ce, amma kalmomin sun cakuɗe kamar wadda ta zura kai a randa take magana. 'Yata ta ce kunnena ne. Ni na ce kayan ne. Na tuna wani shugaban aikinmu a Jidda, Baturke, wanda ya ware ɗaki guda a gidansa, ba komai a ciki sai kujera ɗaya da wasu dogayen sifikoki biyu a tsaye a ƙasa; ranar da ya kunna min, sai da na waiga neman mai waƙar. Irin su nake so in gwada. Sai muka yi yarjejeniya. Mu je Abuja in saurara a irin waɗannan. In na ji maganar, in saya da kuɗin riɗin da na noma a Doma. In ban ji ba, in yarda kunne ya tafi, in haƙura da rubutun, in bi ta asibitin kunne ba gardama. Ban faɗa mata ba, amma a zuciyata na fi zaton ita ce mai gaskiya.

Mun tashi da asuba ranar wata Talata, ana yayyafi, mu uku a doguwar motar mijinta. Ita ke tuƙi. Na ukunmu tsohon abokina ne, hedimasta mai ritaya daga Agyaragu, wanda ya zo tun jajibiri ya kwana a gidana. Shekara arba'in muna tare. Dattijo ne a cocinsu, kuma shi ya jagoranci kwamitin da ya sayo musu sifikoki, don haka tun daga ƙofar gida ya sanar da ni cewa a wannan tafiya shi ne masani, ni mai biyan kuɗi ne kawai.

Hanyar Lafia zuwa Akwanga ba ita ce wadda na sani ba. A da in mutum zai haye tudun nan na wajen Nasarawa Eggon, sai ya yi addu'a da kowane harshe ya iya, yana kallon tirela a gaba tana nishi, wata a baya tana huci. Yanzu an raba hanyar biyu, an fafe dutsen, mota na tafiya sumul. Ana biyan kuɗin hanya kam, kuma Hedimasta ya yi ta mita a kan haka, amma ni da na bi hanyar Duwala zuwa cikin daji da damina, inda muka taɓa kwana biyu muna tura motar katako, ban ga abin mita ba. Gari na wayewa duwatsu suka fito kore shar, hazo na kwance a wuyansu. Gonakin doya sun tashi, kowane tudu da sandarsa, masara ta kai kafaɗa. Mata na ta tafiya a bakin titi da kwanduna, wasu da ɗankwali, wasu da hijabi, duk gona ɗaya suka nufa. Na zaga ƙasashe, amma ban ga inda ƙasa ke ba da abinci da sauƙin kai kamar tamu ba, kuma ban ga inda masu ita ke raina ta kamar mu ba.

A Akwanga muka tsaya karin kumallo. Gasasshiyar doya da manja da barkono, sai shayi mai kauri. Gutsuren da aka ba ni, a shekarun baya yaro za a ba kyauta don ya daina kuka, amma kuɗinsa ya kai na cikakkiyar doya a kasuwarmu. Da na yi magana, mai sayarwar ta amsa min da Hausar nan tamu ta hanya wadda ba ruwanta da namiji ko mace, ta ce, "Baba, doya ya hau mota kafin ya zo nan, shi ma ya biya." Na cinye abina.

Daga Garaku zuwa Keffi na yi gyangyaɗi. Abin da ya tashe ni shi ne tsayuwar mota, kuma daga Masaka har Mararaba tafiyar ta koma jan ciki. Masu babur, masu keke, masu tallar burodi da caja da ruwan leda, kowa na kutsawa. Na ga cunkoson Alƙahira, inda direba ke zaginka da fara'a har ka ji kamar gaisuwa ce. Namu na Mararaba ba zagi sosai, haƙuri ne ya yi yawa, kowa ya saba. Sai wajen ƙarfe goma muka shiga gari.

Hedimasta ya kai mu inda suka sayi na cocinsu, wani dogon bene da ke cike da shagunan kayan wuta. Tun daga matakala ƙirjina ya fara amsa kiɗa. Kowane shago na ƙoƙarin danne na kusa da shi. A na farko, mai shagon ya nuna min wasu baƙaƙen sifikoki da suka kai ni tsayi, masu fitilu ja da shuɗi suna juyawa. Ya murɗa, gilashin taga ya kama rawa. Hedimasta ya riƙe hannuna, fuskarsa cike da murna, ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, wannan in ka kunna a Lafia, ina zaune a Agyaragu zan ji!"

A wurinmu haka ake auna sifika, da nisan inda take kaiwa. Ta biki, ta coci, ta masallaci, ta masu tallar magani a tasha, duk aikinsu su kai magana ga wanda ke nesa. Ni kuma tawa buƙatar ta mutum ɗaya ce da zai zauna taku uku daga gare ta. Na miƙa filashin, aka sa. Muryar Inna ta fito kamar aradu, ta cika shagon, har masu wucewa suka leƙo. Ban tsinci kalma ko ɗaya ba. Na ce a rage, aka rage, randar dai ce.

Shago na biyu ma haka. A na uku ma haka.  Na lura 'yata tana duba agogo, na san lissafin lokacin tashin asibiti take yi. Muka yi azahar a wani ɗan masallaci a bayan benen, Hedimasta ya jira mu a inuwa. Aka kawo shinkafa da miya, na ci loma uku na ture. A raina na riga na fara sallama da abin. Ba kuɗin ko wahalar hanya ke damuna ba. Abin da ke damuna shi ne tsohuwar nan ta zauna sau goma sha ɗaya ta yi min magana, a ce ranar da na sami natsuwar saurarenta da kyau, kunnen ya riga ya tafi.

Mai shago na ukun ne ya biyo mu har wajen mota. Mutumin kirki ne, ɗan kudu, Hausarsa ta kasuwa ce amma tana fita. Ya ce, "Dadi, abin da kake nema ba namu ba ne. Namu na taro ne." Ya kwatanta mana wani wuri a wata unguwa mai shiru, ya ce in mun je kada mu yi mamaki in ba mu ji kiɗa daga waje ba. Allah ya saka masa, domin da ya ga dama da ya bar mu mun tafi.

Wurin a saman wani bene yake, ba hayaniya. Mai shi wata mata ce 'yar Jos, za ta yi shekara hamsin, ta ce a shagon gyaran rediyon babanta ta tashi. Ba ta nuna mana komai ba da farko. Ruwa ta ba mu, ta zauna ta fara tambaya kamar likita. Me zan saurara? Ni kaɗai ko da jama'a? Ɗakin taku nawa ne? Na ce taku biyar a shida. Akwai silin? Akwai. Wuta fa? Na ce akwai sola da batir, 'yata ta sa min. Sai ta karɓi filashin, ta sa abin kunne ta saurara ita kaɗai na ɗan lokaci, ta cire ta ce, "Baba, ban jin yaren, amma maganar tana ciki. Ba ta lalace ba." Wannan ce magana mai daɗi ta farko da na ji a ranar.

Ta shigar da mu wani ɗaki mai kafet da labulaye masu kauri, da kujera ɗaya a tsakiya. Nan take na tuna ɗakin Baturken nan. Ta zaunar da ni, ta ce sauran su tsaya a baya. Hedimasta bai ji daɗin haka ba.

Kala uku ta jera min, kowace biyu-biyu. Na farkon su ne manya, sun kai min ƙirji, kuma su suka fi tsada, kuɗinsu zai sayi mota ta hannu mai kyau. Da ta kunna, na ji faɗi da nauyi, amma duk wani gurnanin da ke cikin kaset ɗin, na iska da na hannun da ke taɓa rediyo, ya kumbura ya hau kan muryar. Na biyun kuma kaifi ne da su. Sautin shuuu ɗin nan na tsohon kaset ya fito kamar ana soya ƙosai a gefen kunnena, minti biyu na ji kaina ya fara sarawa. Ita ta gani a fuskata ta kashe.

Na ukun sirara ne, ba su wuce min cibiya da yawa ba, jikinsu katako mai launin maɗaci. Ta ɗan karkato da su suka fuskance ni. Ta kunna, kuma ta rage ƙarar sosai, har na buɗe baki zan ce ta ƙara. Sai na ji Inna. Ba daga ta dama ba, ba daga ta hagu ba, daga tsakiyarsu, inda babu komai sai labule, daidai tsayin mutumin da ke zaune a tabarma. Ta yi sallama, ta kira ni da sunan da ita kaɗai ke kirana da shi. Ban san lokacin da na fara fassarawa da ƙarfi ba: baƙar akuyar nan ta haifi biyu, ɗaya bai zauna ba, an gyara rufin ɗakinka, matar kawunka ta ce ka manta da ita. Kalma bayan kalma, kowace da gefenta, kamar an wanke su. Da na waiga, 'yata ta rufe baki da gyale. Hedimasta ya ce, "To, yana da kyau. Amma ba shi da ƙarfi." Matar ta yi dariya ta ce, "Baba, ba coci zai buɗe ba."

Abin da na ji a lokacin ba murna ce mai tsalle ba. Kamar mutum ne ya daɗe ɗauke da buhu a ka, har ya manta da shi, sai wani ya sauke masa. Na ji wuyana ya yi sako-sako. Na ji yunwa ma.

Don in gwada ta, na ce manyan nan fa, tunda su suka fi tsada? Ta ce a ɗakin taku biyar a shida za su shaƙe ni, ba za ta sayar min da su ba. Na sha ganin 'yan kasuwa daga Kumasi har Omdurman, amma mai ture babban ciniki da hannunsa ba su da yawa. Ta haɗa min da amfilifaya, wato akwatin da ke ba su ƙarfi, wadda ta dace da su, da wayoyi, da abin daidaita wuta. Ta kuma ce ta lura ina juyo da kunnen dama in ana magana, ba laifi in na je an duba na hagun. 'Yata ta kalle ni, na kalli silin. A ƙarshe matar ta tambayi irin daɓen ɗakina, na ce da alfahari sabon tayil ne, bara aka sa. Ta ce in shimfiɗa wani abu a kai, kuma kada in manna sifikokin da bango. Na gyaɗa kai, amma gaskiya hankalina na wajen baƙar akuya, maganar ta shiga ta fita.

Mun kwana a Masaka gidan ɗan yayana, da safe muka kamo hanya. Kwalayen biyu dogaye ne, sai da aka kwantar da kujerun baya suka shiga, aka bar wa Hedimasta rabin kujera a gefensu. Saboda rana, 'yata ta lulluɓe su da wani farin zanen gado. Ba wanda ya lura da yadda abin ya kasance a ido sai da muka tsaya a Akwanga sayen lemu. Mai lemun ta leƙo ta taga, ta ga dogayen akwatuna biyu a ƙarƙashin farin ƙyalle, ga dattijo a takure a gefe ya yi tagumi saboda ciwon baya. Sai ta dafe ƙirji ta ce, "Ayya, Baba, har biyu? Sannu. Allah ya ba da haƙuri." Ta ƙara mana lemu huɗu a leda. Hedimasta ya karɓa ya ce, "Amin, 'yata, mun gode," da murya mai rauni. Sai da na ce masa in bai faɗa mata gaskiya ba zan kai ƙararsa cocinsu, sannan ya ɗaga zanen. Ta yi dariya har ta durƙusa, ta ce lemun ta bar mana, gara haka. Mutanenmu ke nan. A wata ƙasar da na zauna, ko gawar gaske ka ɗauko ba mai kallonka.

Mun iso Lafia kafin azahar. Maƙwabta suka taru ana shigar da kaya. Kafin a sauke na biyun, wani ya riga ya nemi in ajiye masa ranar bikin 'yarsa, wani kuma ya tambayi nawa zan riƙa ba da haya. Na ce ba na haya ba ne, na zama ne. Ba su gane ba, na bar su.

A nan ne na yi kuskuren da ya kusa mayar da ni inda na fito. Tun kafin tafiyar, don girmama kayan da za su shigo, na sa an kwashe komai daga ɗakin. An fitar da kantar littattafai, an cire tsofaffin labulaye, an yi sabon fenti, an goge tayil yana ƙyalli. A ganina abu mai tsada ba ya zama cikin tarkace. Hedimasta kuma, masanin tafiya, ya tura kowace sifika cikin lungu ta manne da bango, yadda suke yi a coci don kada yara su ture. Muka haɗa wayoyi yadda aka zana mana a takarda. Na zauna, na kunna.

Randa. Ita ce dai, ba ta canza ba. Muryar tana bugun bango tana dawowa tana hawa kan kanta. Na kashe, na sake kunnawa. Abin ya dame ni fiye da yadda ya dame ni a benen farko, domin yanzu na riga na ɗanɗana. Tunani iri-iri ya zo min: ko wata dabara aka yi min a shagon, ko a hanya wani abu ya karye, ko kuwa kunnen ne ya yi min alheri na yini ɗaya ya koma.

'Yata ce ta kira matar, ta miƙo min wayar. Matar ta saurari kukana har na gama, sannan ta ce, "Baba, tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya." Na tafa. Ta ce, "Me ka ji?" Na ce na ji tafin, na kuma ji wani abu na binsa yana zirrr. Ta ce, "To shi ne ke cinye maganar Mama. Ka mayar da duk abin da ka fitar."

Ba ni da kafet. Amma a sito akwai tabarmin kaba guda huɗu da nake sayowa daga Kwandere duk shekara ba don ina buƙata ba, don dai masu saƙar tsofaffi ne kuma na san iyayensu. Muka shimfiɗa biyu a ƙasa, muka rataya ɗaya a bangon da ke bayan kujera. Aka dawo da kantar littattafai da duk ƙurarta, aka mayar da labulayen da na raina. Muka jawo sifikokin taku guda daga bango, muka karkato da su. Hedimasta na ja yana cewa wannan ba tsari ba ne. Na sake tafawa. Tafi ɗaya, ya tsaya inda ya faɗi.

Bayan la'asar na zauna da littafin rubutu a cinya. Inna ta dawo tsakiyar ɗakin, a kan tabarma wannan karon, inda ya dace da ita. Na yi hamdala a fili. Na bar na farko na tsallaka zuwa kaset na bakwai, wanda ta aiko min ina Khartum, domin shi ne na fi tunawa da tsawonsa.

Tana cikin ba ni labarin wani rikicin iyakar gona, sai ta tsaya. A cikin shirun na ji gyaran murya, gajere, sau biyu a jere. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san wannan gyaran muryar, da shi ake sanin maigida ya shigo zaure. Sai ƙarar carbi, ƙwas, ƙwas. Sannan wata murya can ƙasa-ƙasa, ta mutumin da ya kawar da kai daga rediyo don kada ta ɗauke shi, ta ce da Gwandara, "Ki ce masa ya riƙa rufe ƙirjinsa, an ce can ma ana sanyi." Inna ta ɗaga murya ta maimaita, kamar daga bakinta maganar ta fito.

Na mayar baya na sake ji. Na duba na uku, na duba na tara. Yana nan a cikinsu. Ki ce masa gyaɗar bana ta yi kyau. Ki tambaye shi ko ana ba su hutu. Ki ce kada ya damu da aiko da komai. A sansanin ma'aikata nake sauraren waɗannan kaset-kaset a da, da ƙaramar rediyo, janareta na ruri a bayan taga, mutum takwas a ɗaki. Ban taɓa jinsa ba. Ashe mutumin da ba ya magana da akwati yana zaune a gefen tabarmar nan tun daga na farko, kuma rabin abin da na ɗauka na Inna ne, nasa ne.

'Yata ta tambaye ni ko lafiya, na ce ta zo ta zauna a kujerar. Ba ta taɓa jin muryar kakanta ba, ya rasu tana goye. Hedimasta, wanda ya san tsohon, ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hula. Da aka gama ya ce, "Alhaji, na janye maganata. Ƙarfin ya isa."

Ga wanda ke niyyar irin wannan sayayya, abin da na koyo kaɗan ne. Ka tafi da abin da kai za ka riƙa saurare, kada ka dogara da wanda mai shago zai sa maka. Ka auna ɗakinka kafin ka fita, ko da taku ne. Ka nemi a rage ƙara, domin a nan ake gane mai kyau. Mafi girma da mafi tsada ba lallai su ne naka ba. In ka dawo gida kuma, kada ka share ɗakin ƙal kamar yadda na yi. Tabarma da labule da littattafai suna cikin aikin.

Asibitin kunnen ma na je, mako biyu bayan haka, da ƙafata, ba don yarjejeniya ba. An ce na hagun ya ragu, na daman da sauransa. Ban ji tsoro ba, domin na riga na san abin da yake iya ji. Yanzu kullum bayan la'asar ina zama awa guda, na gama rubuta kaset huɗu, kuma a littafin na ware layi biyu, ɗaya na abin da Inna ta faɗa, ɗaya na abin da aka ce ta faɗa. Shekara arba'in ina cewa a raina mahaifina bai taɓa aiko min da saƙo ba. Na daina faɗin haka, kuma ba zan sake ba.